Shekarar da Na Buɗe wa Mai Jego Ƙofa

Ummi, gyara zama ki danna wannan na'urar taki, kuma abin da na faɗa shi za ki rubuta, kada ki gyara mini baki. Ban taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa mance abin da idona ya gani ba. Yau zancen hoton nan na falo za mu yi, wanda kuka taso kuna gani: mutum huɗu a kan dandamali da wani tsoho a tsakiyarsu, sun sunkuya wa jama'a. Uku cikin baƙaƙen kaya, ta huɗun mamanki Zulai, ita ma cikin baƙi, amma an lulluɓe mata kafaɗa da wani tsohon gyale ruwan ɗorawa wanda bai dace da komai a wurin ba. Na san abin da aka faɗa muku game da ranar nan. Na ji shi a gidan suna, na ji shi a zaman makoki a unguwar Whitechapel, ana rage murya idan na shigo. Wai mamanku ta sulale daga ɗakin jego ban sani ba, ta bar ki kina tsala kuka, ta tafi yi wa Turawa kiɗa. Ƙarya ne. Ina nan da raina, kuma zan faɗi yadda aka yi, don kada a binne ni a bar mata wannan magana.

Sai kin fara sanin ko ni wace ce a lokacin. Na biyo kakanki Malam Sule zuwa Landan da ƙuruciyata, yana tuƙi a wani ofis, muka samu wannan flat na council, gidan hayar hukuma, a unguwar Deptford. A nan na haifi autata Zulai, a nan kuma ya rasu ya bar ni. Sana'ar da aka san ni da ita wankan jego ne. Daga tsallaken kogi har nan, duk Bahaushiyar da ta haihu, matar likita ce ko ɗaliba, ana cewa a kira Dije. Mu biyu ne, ni da Yaya Habi ta Whitechapel. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ita ta tare ni a ƙasar nan, ita ta nuna mini yadda ake shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ta koya mini yadda ake jego a garin da babu murhu babu tukunyar ƙasa. Butocin lantarki muke jerawa mu cika baho, busasshen ganyen darbejiya kuma a shagon 'yan Ghana na kasuwar bakin titi muke saye. Safe da yamma ruwan zafi, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, safa a ƙafa, taga a rufe, kuma mai jego ba ta taka bakin ƙofa sai ta yi arba'in. Ungozomomin asibiti sun yi ta mita, mu kuma muka yi ta wanka. Ban taɓa sassauta wa kowa ba. Akwai matar wani babban ma'aikaci da ta yi mini kuka tana so ta leƙa shago, na kwashe takalmanta na zuba a jakata na tafi da su gida.

Zulai kuwa tun tana ƙarama makaranta ta ba ta aron wani goge, ba irin namu na ƙwarya ba, na katako ne mai tsirkiya huɗu, ya kusa kai ta tsawo, ana zama a kujera a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Ran da ta fara ja na fito daga kicin a guje, na zaci saniya ce ta hauro bene. Tun daga ranar sunansa Saniya a gidan nan. Na ɗauka wasan yara ne zai wuce. Bai wuce ba. Ta yi karatunsa har ƙarshe, ta haɗu da wasu uku suka zama ƙungiya: Dogo da 'Yar Fara masu ƙananan goge, Shiru mai matsakaici, ita kuma da Saniya. Suna da sunayensu na yanka, bakina ne bai taɓa iya su ba, kuma har yau da waɗannan suke amsa mini. Aikinsu ba kiɗan da aka gada ba ne. Kiɗan mutanen da ke raye suke yi, wanda aka rubuta jiya, wanda kunne bai taɓa ji ba. Mai tsarawa zai zauna ya rubuta musu su kaɗai, su kuma su fito da shi duniya. Ba su da shugaba mai tsayawa a gaba da sanda. Kuma suna da doka guda da suka ɗora wa kansu tun farko: ko su huɗu, ko babu. Ba a ɗauko bare ya zauna a kujerar wani. A lokacin sun daɗe tare, sun je ƙasashen da ban san sunansu ba, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa zuwa na ji su ba. Kin san irin gidajen da ake jan goge a inda na fito. Idan aka tambaye ni aikin Zulai, sai in ce tana yawan fita waje, in canja zance.

Da cikinki ya tsufa ta dawo wurina, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Babanki Nasiru ne ya kawo ta da akwatuna, ya koma ya hauro da Saniya a bayansa yana haki. Tun a bakin ƙofa na tsayar da ita.

"Wannan a bayan ƙofa zai zauna har ki yi arba'in."

"Na ji, Umma."

"Ba 'na ji' ba. Na wanke 'ya'yan mutane a garin nan, ba za a ce tawa ce ta gagare ni ba."

"Kwana arba'in naki ne, Umma. Na yi alkawari."

Da Turanci ta faɗa, kamar yadda kuke yi mini dukanku, amma alkawari ne. Ta yi shi hankalinta kwance domin ta yi lissafinta. Akwai wani babban wasa da aka sa musu rana tun kafin a san da ke, sabon kiɗa ne da wani tsoho ya shafe shekaru yana rubuta musu, kuma bisa ranar da asibiti ya bayar za ta gama jego har ta huta kafin lokacin. Ke kika ɓata lissafin. Kika yi zamanki a ciki kamar an ba ki hayar ɗaki, mako ya wuce, wani ya bi shi, sai da likitoci suka tsaya a kanki kika fito. Da aka sake dubawa, ranar wasan ta faɗo a cikin arba'in, da sauran kwanaki.

Ba ta ce mini komai ba. Wannan ne masu magana ba su sani ba: ko sau ɗaya ba ta roƙe ni ba. Amma ni na wanke mata da yawa, jiki yana yi mini magana. Ran da na fara yi mata wanka, na ga ta ɗaga hannun hagu ta dafa bango da shi, nesa da ruwa.

"Sauke hannun nan."

"Umma, ki bar mini wannan kaɗai. Ruwan zafi zai cinye mini kantar yatsu."

Na kama hannun na duba. Kan yatsunta huɗu sun yi tauri kamar tafin ƙafar manomi, kowanne da layi inda tsirkiya take zama. 'Yar da na haifa, ban taɓa sanin haka hannunta yake ba. Ta ce shekaru ne suka gina shi, in ya yi laushi tsirkiya za ta yanka ta. Na ce to, hannu ba shi ya haihu ba, na bar mata shi. Bayan nan sai na lura idan tana ba ki nono, idonta a rufe, yatsun nan suna tafiya a gadon bayanki, sama da ƙasa, suna dannawa suna rawa. Ke kina tsotso, ita tana kiɗa a jikinki, babu sauti.

Nasiru ne ya faɗa mini abin da ake ciki. Ya zo da yamma da naman da yake kawowa, ya durƙusa a kicin yana sosa ƙeya.

"Umma, ta ce musu a yi cancel."

"To ai shi ke nan. Sai a sa wata rana."

"Babu wata rana, Umma. Zauren da za su yi wasan, in ka saki ranarka sai bayan shekaru. Masu ɗaukar nauyinsu za su janye. 'Yar Fara an daɗe ana kiranta aiki a wata ƙasa tana ƙi saboda su, in wannan ya rushe dole ta tafi. Tsohon kuma ba shi da lafiya."

"Su nemo wani mana ya ja musu Saniyar."

"Sun ƙi. Ita da kanta ta ce su nemo, suka ce ba za su karya dokarsu ba."

Wato in Zulai ba ta fita ba, ƙungiyar ta watse ke nan. Na ce masa Allah ya kyauta, na ci gaba da dama kunu. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Mutum uku waɗanda ba jininta ba, sun yarda abincinsu ya zube don kada wani ya zauna a kujerar 'yata. Na so in ga fuskokinsu. Sai na tuna al'ada ta hana mai jego fita, amma ba ta hana 'yan barka shigowa ba, kuma ba a taɓa cewa ga abin da ɗan barka zai riƙo ba. Na ce wa Nasiru ya gaya musu su zo barka, su zo da kayansu.

Suka zo da hantsi, Yaya Habi tana nan ta zo taya ni. Lif ɗinmu ya lalace kamar kullum, don haka mun jima muna jin takun tsohon a matakala, Dogo yana riƙe da shi. Suka tuɓe takalma ba a ce musu ba, suka ajiye miki kyautarki, na ba su kunun kanwa. Shiru ya shanye nasa ya miƙo kofi, 'Yar Fara ta kurɓa sau ɗaya idonta ya kawo ruwa. Yaya Habi ta matso kusa da kunnena.

"Dije, maroƙa kika tara mana a ɗakin jego?"

"'Yan barka ne, Yaya."

"'Yan barka da goge. To Allah ya sa ba bori za a hau ba."

Aka ture teburi, aka jera kujerun cin abinci huɗu suna kallon juna. Zulai ta fito da zani ɗaure a ƙirji, rigar sanyin babanki a sama, safa biyu a ƙafa, ta zauna ta rungumi Saniya. Tsohon ya zauna kusa da ni, ke kina cinyata. Ya ce, Zulai tana fassara mini don Turancinsa ya fi ƙarfina, ɓangaren ƙarshe tana asibiti ya gama rubuta shi, don haka ba a taɓa kaɗa shi ba, shi kansa bai taɓa jin sa ba sai a cikin kansa.

Ina jira wani ya ce a fara. Babu wanda ya ce. Suka ɗaga sandunan jan gogen suka yi tsit, sai na ji su huɗun sun ja numfashi lokaci guda, kamar ƙirji ɗaya ne, kuma a kan wannan numfashin kiɗan ya shigo. Ummi, ban san da me zan kwatanta miki ba. Ba abin rawa ba ne, ba abin da za ki bi da baki ba ne. Da farko ma babu murya, sai wani huci kamar iska a cikin karan dawa bayan girbi. Sai Shiru ya ƙwanƙwasa katakon gogensa da yatsa, 'Yar Fara ta amsa, Dogo ya zaro wata siririyar ƙara can sama kamar zare, har na ji ta a haƙorina. Na ce a raina, gyaran gogen suke yi ko kiɗan ke nan? Sai Saniya ta buɗe baki. Daga ƙasa ta taso, ta cikin daɓe, ta biyo ƙafar kujera ta shige mini ciki, kofunan da ke kan tire suka ɗauki rawa. Duk tarkacen da sauran suka watsa a iska sai ya samu wurin zama a kanta. Na dubi 'yata. Ba takarda take kallo ba. Gefen fuskar Dogo take kallo, Dogo yana kallon kafaɗar Shiru, kowa yana shiga daidai gurbin da ɗan'uwansa ya bari.

Nan na gane abin da nake gani. A ƙauyenmu ranar biki mukan taru mu huɗu a turmi ɗaya mu yi lugude. Babu mai ba da umarni. Taɓaryarki tana sauka ne daidai inda ta 'yar'uwarki ta tashi, in kin yi jinkiri a fasa miki yatsa, in kin yi gaggawa ki fasa na wata. Numfashin juna kuke saurare. Akwai shekarar da ɗayarmu ta yi nisa aka kawo wata ta maye gurbinta, ƙaƙƙarfa ce, ta iya daka, amma muka yini muna karo, gero yana zuba ƙasa. Ban ƙara tambayar dalilin dokarsu ba.

Suka tsaya, suka yi gardama kamar za su daku a kan wani ɗan wuri da bai kai tsawon tari ba, suka koma, suka sake tsayawa. Sannan suka shiga ɓangaren ƙarshe. Ukun suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage Saniya ita kaɗai, da murya guda doguwa, tana sirancewa tana sirancewa, har na kasa sanin ko tana nan ko kunnena ne yake riƙe da ita. Sanduna suna sama, ba wanda ya motsa. Na waiga na ga tsohon ya dafe bakinsa da hannu biyu, hawaye yana bi ta kan yatsunsa. Na sha ganin wannan fuskar. Fuskar wanda aka miƙa wa jariri ce, yana duba yatsu ko sun cika. Abin da bai taɓa kasancewa ba tun da aka halicci duniya, ya sauka a falona, tsakanin hita da kwandon wanki, kuma da hannun 'yata aka karɓe shi. Na yi ta tasbihi a zuci. Ke kuwa barcinki kike yi.

Bayan sun tafi na shiga kicin, Yaya Habi ta biyo ni ta rufe ƙofa. Ta san ni, tun kafin in buɗe baki ta gani.

"Kada ki soma, Dije."

"Yaya, ke ma kin ji abin da na ji."

"Na ji kukan ƙofa da kukan saniya. Yarinya da ɗanyen jiki, a tsakiyar sanyi, ki fitar da ita? In sanyi ya shige ta, ke za ki ɗauke mata ciwon?"

"Zan wanke ta kafin ta fita, in wanke ta in ta dawo. Iska ba za ta taɓa ta ba."

"Matar da kika kwashe wa takalma fa? Me za ki ce mata? 'Ya'yan mutane a kulle, taki a buɗe?"

Wannan ta same ni. Na ce mata duk wadda na kulle ba ta rasa komai ba sai yawon kasuwa. Wannan kuwa haihuwa ce ta zo, kuma ni ban taɓa ganin naƙuda ta taso an ce ta jira wata ta gama arba'in ba. Ta ɗauki jakarta.

"In kika buɗe ƙofar nan, kin gama wanka a garin nan. Kuma ba da ni ba."

Da yamma ina yi wa Zulai wanka, hannunta na hagu a bango, na ce mata ta fito da baƙar rigarta a gwada ko za ta shige ta. Ta juyo tana kallona ta cikin tururi.

"Umma, na yi miki alkawari."

"Kwanakin nawa ne ko ba nawa ba ne?"

"Naki ne."

"To na bayar da yini ɗaya. Sunkuya, ruwa yana hucewa."

Ranar Lahadi ce, wasan da rana. Na yi mata wanka da ruwan da ya fi na kullum zafi, na ɗaure mata ciki tamau da zani a ƙarƙashin baƙar rigar, safa biyu, hula, bargo. Nasiru ya kunna hitar mota tun muna sama har ta zama kamar gidan burodi, ya kawo ta daidai bakin bene. Ni na murɗa makulli, ni na buɗe ƙofa, na ce bismillah, taka. Na goya ki, na ɗauki flas ɗin kunu, muka tafi. A can suka ce ba a shiga cikin masu kallo da jariri. Na ce ai ba kallo na zo ba, jego na zo. Wata mai aiki a wurin ta dube ni ta dube ki, ta kawo mini kujera a gefen dandamali bayan labule, inda nake ganin su huɗun ta gefe, da jama'a a cikin duhu, sahu bisa sahu har sama. Ban zauna ba, tsaye na yi ina jijjiga ki.

Na zaci na riga na ji kiɗan, ashe falona ya matse shi. A can ya miƙe ya yi tsawo. Mutanen ma abin mamaki ne: zaure cike, babu mai tari, babu mai motsi, sun bar gidajensu sun zo sauraren abin da ba su san ko mene ne ba, suna riƙe da numfashi tare da 'yata. Allah ya yafe mini kwatancen, amma ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba sai a sahun Idi a babban masallacin Regent's Park, tsakanin kabbara da kabbara. Da aka zo ɓangaren ƙarshe kika motsa a bayana kika yi ɗan ƙorafi, ƙanƙani, ni ma da ƙyar na ji. Ita ta ji. Ba ta waigo ba, hannunta bai girgiza ba, amma jikin mai jego ba ya shawara da kowa. A hasken fitila na ga gaban baƙar rigar yana jiƙewa, yana yaɗuwa. Nono ne ya kawo. Saniya ta kare mata ƙirji daga masu kallo, ni kaɗai nake gani daga gefe. Ta ja muryar nan doguwa har ƙarshenta, nono yana zuba, ba ta gajarta ta da ko ƙiftawar ido ba.

Sai shirun nan. Sai zauren ya fashe da tafi. Ta miƙe da Saniya a gabanta, ta sunkuya a haka, ta fito wurina fuskarta sharkaf da gumi.

"Umma, ba zan iya komawa ba. Dube ni."

Jama'a sun miƙe tsaye, ana taimaka wa tsohon ya hau dandamali, Dogo yana miƙo mata hannu. Na zare gyalen da ke kafaɗata, wanda nake zuwa kasuwa da shi, na yafa mata na soke bakinsa.

"Koma. Ke suke jira."

Shi ne hoton nan. Da ta dawo ta zauna a kujerata ta ba ki nono tana shan kunu, kafin magariba kuma tana cikin bahona.

Abin da Yaya Habi ta faɗa ya tabbata. Wayata ta yi shiru. Matan da na wanke da hannuna suka haifi na biyu suka kira wata. Ba wanda ya zage ni a fuska, ana gaishe ni, ana ba ni wurin zama, amma ba a ƙara cewa a kira Dije ba. Daga baya masu ƙaunata, don su wanke ni, suka ƙirƙiro cewa ban sani ba, yarinyar ce ta gudu. Ban roƙi wannan wankin ba, duk inda na ji shi na ƙaryata, amma zancen ya riga ya bazu. Ni da Yaya Habi muka koma gaisawa a masallaci kamar maƙwabtan nesa. Da ta kwanta ciwon ajali na je asibiti na zauna da ita, na shafa mata mai a ƙafa. Sai ta tambaye ni.

"Bayan yarinyar nan yana ciwo?"

"Yana yi, Yaya."

"Na faɗa miki."

Ba mu ƙara tayar da zancen ba, kuma har yau ina kewarta. Bayan mamanki yana ciwo, gaskiya ne, musamman da sanyi. Ita ta ce duk mai jan Saniya haka yake fama. Ni ban sani ba, Allah ne masani.

Tsohon bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba. Su huɗun kuwa suna nan, gashin Dogo ya yi fari, 'Yar Fara ba ta je ko'ina ba, har ta koyi shan kunu. Sun fito da sabbin kiɗa da ba zan iya ƙirgawa ba, wasu na ji su kamar ana saran ƙarfe, na kuma faɗa musu. Amma tun daga shekarar nan, duk sabon da aka rubuta musu nan suke fara kawo shi, a ture teburi, a jera kujeru, in zauna in ji shi kafin duniya ta ji. Har yau idan suka ja numfashin nan tare, nawa tsayawa yake yi.

Gyalen kuwa ba ta dawo mini da shi ba. Je ki buɗe akwatin Saniya, za ki same shi a naɗe a wuyanta, ya koɗe, ya je ƙasashen da ni ban je ba. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Ke dai rubuta wannan da manyan baƙi, yadda ƙannenki za su gani: mamanku ba ta gudu ba. Ni Dije, ni na buɗe ƙofa.